Sawu Uku a Bayan Tagar Sumayya

Ranar Alhamis da hantsi Sumayya ta fito ƙofar gidansu da faranti a hannu, ta dire shi a ƙasa inda duk mai wucewa zai gani. Jatan lande ne a ciki, matattu, ƴan mitsi-mitsi jajaye, sun fi hamsin. Ba ta yi kuka ba. Murya ta ɗaga, har matan da ke daka a bayan danga suka tsayar da taɓare.

"Wanda ke yi mini wanga abu, Allah ya isa tsakanina da shi!"

Kafin azahar duk Gidan Tala an ji. Ɗan ƙauye ne a yankin Cadakori, inda ko akuya ta yi tari sai an zauna an tattauna, balle wannan. Sumayya ta yi lakol, wato makarantar koyon noma, a Maraɗi, ta dawo da akwatunan gilashi uku, ta gyara ɗakin marigayi babanta, ta ɗora sola a kai, ta sa wata ƴar na'ura mai hura iska cikin ruwa. Da farko dariya aka yi ta yi mata. Ɗiya ta gama karatu ta dawo kiwon ƙwarin ruwa! Da aka ji wai masu hali a Yamai saye suke yi su ƙawata falo, sai dariya ta koma kallo, har layi ake yi a ƙofar ɗakin. To yanzu sati biyu ke nan suna mutuwa, kuma kowa a garin yana da wanda yake zargi. Wasu sun ce Ɗanbaba mai kawo ruwa ne, wasu sun ce Binta maƙwabciya ce, don an san ta da baƙin ciki.

Maigari ya aika a kira Isaka mai bin sawu.

Isaka dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana da yawan ƙwafa. Kakanninsa daga arewa suka gangaro da raƙuma, suka zauna suka kama noma. Raƙuman sun ƙare tuni, amma idon ya saura a gidan. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata daga nan har Sae Sabuwa, kuma bai taɓa kiran sunan wanda ba shi ba ne.

Ya tarar da Sumayya a ɗakin. Akwatuna biyu suna jikin taga, na ukun yana can ƙurya.

"Baba Isaka, ku duba da kanku," in ji ta. "Waɗanga biyu na bakin taga su ke mutuwa. Wancan na ƙurya, inda na ware masu ƙwai, ko guda bai mutu ba. Ai wannan ba sai an je wajen mai duba ba. Ta taga ake zuba musu wani abu."

"Mi ke kashe su?"

"Komai, Baba. Sun fi jariri laushi. Ɗigon maganin ƙwari, kumfar sabulu, hayaƙin maganin sauro, jan ƙarfe in ya jiƙa a ruwansu. Duk na kiyaye. Ni kaɗai ke taɓa su. In na ga mutuwa in yi maza in canja ruwa, gobe in iske ta ƙaru."

"Ruwan fa, daga ina?"

"Ɗanbaba ke kawowa daga fanfo. In juye a randar can ta tsakar gida ya kwana, sannan in ɗiba."

Isaka bai ƙara tambaya ba. Ya fita ya zagaya bayan gida.

Tagar tana kallon wani siririn lungu ne da ba a cika bi ba. Daga wajen masallaci yake farawa, ya bi bayan katangar su Sumayya, ya ƙare a ƴar ƙofar baya ta gidan Isaka kansa, wadda rabon da a buɗe ta har an manta. Ya tsuguna yana karanta ƙasa. Ga kaji. Ga yara biyu da suka bi ƙadangare. Ga ƙafar Binta, ta tsaya tun bakin lungu ta zubar da toka ta koma. Sai kuma wani sawun, takalmin babban mutum, ƙafar hagu ta karkata waje tana jan diddige.

Isaka ya daɗe a tsugune. Mutum guda ne a garin nan ke taka ƙasa haka, tun ranar da ya faɗi da moto a hanyar Cadakori. Abdulhadi, mai butikin sayar da maganin ƙwari.

Kuma ba sau ɗaya ya zo ba. Sawu na farko ruwan ranar Talata ya cinye gefensa, biyun kuwa bayan ruwan aka yi su, da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Kowane zuwa iri ɗaya ne: ya taho daga wajen masallaci, ya tsaya daidai ƙarƙashin taga, ya daɗe yana sauya ƙafa har ƙasa ta lotsa, sannan ya juya.

Daɗi ya kama Isaka, wani irin daɗi mai zafi. Shekara bakwai yake jiran wannan rana! Shekara bakwai da suka wuce awakin Abdulhadi biyar suka ɓace. Abdulhadi ya tsaya gaban maigari ya rantse cewa da idonsa ya ga Yasin, ɗan Isaka tilo, yana kora su. Isaka ya bi sawu ya ce ba ƙafar ɗansa ba ce, aka ce ai uba ne, dole ya rufa wa ɗansa asiri. Aka yi wa yaron dukan tsiya, aka zagaya da shi gari da igiya a wuya, yara na bin sa da eho. Washegari Yasin ya hau mota ya yi arewa. Sau biyu ya kira waya, daga nan shiru. Tun ranar Isaka bai ƙara amsa sallamar Abdulhadi ba, kuma ba ya ɓoyewa: fatansa kullum shi ne ya ga an yi wa mutumin nan abin da aka yi wa ɗansa.

"Ka shigo hannu, ɗan tselen uwa," ya faɗa a hankali, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

A bakin fanfo ya iske samari sun yi wa Ɗanbaba zobe, shi da jakinsa da amalanke. Sun ce an gan shi ya kai ruwan feshi gonar wake da tanon, wato gangar ƙarfen, da yake kai wa Sumayya ruwa.

"Baba Isaka, ku cece ni!" in ji Ɗanbaba, gumi na zuba. "Ruwa na kai gona, ban haɗa magani ciki ba. Ku sunsuna!"

Isaka ya sa hanci a bakin tano. Ƙarfe da laima kawai.

"Kuma ku tambaye ta," Ɗanbaba ya ci gaba. "Akwatin ƙurya ni na cika shi da hannuna, bokiti daga tanon ga kai tsaye, don ran nan randa ba komai ciki. Tun ran nan ba ta canja musu ba, wai masu ƙwai ba su son a motsa musu ruwa. Ga su can da ransu suna ta haihuwa! In ruwana ne, ai da su za su fara tafiya."

"Ku rabu da shi," in ji Isaka. "Wanda muke nema ba ya hawan jaki."

Maganar Ɗanbaba ta shiga kunnensa ta zauna. Bai ba ta wuri ba, don yana da inda ya nufa.

Butikin Abdulhadi na bakin hanyar kasuwa. Kaka ce, kowa na neman maganin ajiyar wake, kwalabe jere har rufi. Isaka bai shiga ba, a waje ya ja ya tsaya. Da Abdulhadi ya ɗago ya gan shi, sai ya ajiye kwalbar da ke hannunsa.

"Baba Isaka... sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ban zo gaisuwa ba. Mi ya kai ka lungun bayan tagar Sumayya har sau uku?"

Masu saye suka juyo. Abdulhadi ya dubi ƙasa, ya dubi mutane.

"Ba maganar da zan yi a nan ba ce. Don Allah, in kun yarda, mu keɓe ni da ku."

"Mu keɓe? Ni da kai?" Isaka ya yi wata dariya marar daɗi. "Ka adana ta. Gobe bayan la'asar ka faɗa gaban maigari, inda ka saba rantsuwa."

Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Mai sayar da guba, da sawunsa ƙarƙashin taga! Mi ya rage? Aka fara tono masa tsofaffin laifuka, har wanda ya taɓa saya wa goro ya tuna cewa ruɓaɓɓe ne. Samari kuwa har sun fara maganar ashana da butikin.

Da safiyar Juma'a, da Isaka ya bi son ransa, da ya zauna gida ya jira la'asar. Amma shekara arba'in ba wasa ba ce. Bai saba barin hanya ba a bi ta ba, ga maganar Ɗanbaba tana ta cin sa. Ruwan da ya wuce ta randa yana kisa, wanda bai wuce ta randa ba bai kashe kowa ba. Kuma mai zuba guba kashewa yake yi gaba ɗaya, ba goma yau ashirin gobe ba. Ya yi tsaki, ya ɗauki sandarsa.

Ya koma gidan su Sumayya, ya tarar ba ta nan. Gwaggo Cima, ƙanwar babanta wadda ta rene ta, tana zaune tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tare suka taso da Isaka, ba ta jin nauyinsa.

"Kai da bin sawunka," in ji ta. "Ni na san abin da ke cin dabbobin yarinyar ga. Baki ne, Isaka, baki! Kowa ya zo sai 'kai, sun yi kyau', 'kai, sun yi yawa'. Cikin mutum ɗari babu guda mai cewa tubarkalla. Ko dutse ne ai sai ya tsage."

Tana magana tana watsa hannu, idon Isaka ya sauka a wuyan hannunta na dama. Wani zagaye ne a fatar, fari-fari, inda rana ba ta taɓa gani ba. Duk garin an san Gwaggo Cima da munduwar jan ƙarfe, gadon kakarta, ko wanka ba ta cire ta. Yau babu. Isaka ya kuma san al'adar gidansu tun suna yara: in an yi haihuwa, ko an samu wani abin da ake tsoron baki a kansa, tsohuwar gidan kan jefa munduwar nan cikin randa ta zauna har tsoro ya wuce.

"Cima, ɗan ba ni goro in kina da shi."

Ta shiga ɗaki tana mita. Ya matsa ga randar, ya naɗe hannun riga, ya zurma hannu har kafaɗa. Yatsunsa suka taɓa wani abu mai sanyi a gindi. Ya ciro. Munduwar ce, ta yi kore shar.

Ga mai kisan a tafin hannunsa. Ba guba, ba taga, ba Abdulhadi.

Isaka ya ji takaici kamar an ƙwace masa abinci a baki. Sai kuma wani tunani ya zo masa, baƙi ƙirin, bai kore shi ba. In munduwar ta bar randa, mutuwa za ta tsaya. In aka kori Abdulhadi yau, mutuwa ta tsaya gobe, wa zai ce ba a kama mai laifi ba? Cima kuwa ba za ta buɗe baki ba, don ba ta ma san abin da ta yi ba. Ya jefa munduwar aljihu, ya sauke hannun riga. Da ta fito da goro ya karɓa ya yi godiya.

Bayan la'asar gari ya taru gindin bishiyar bedi ta ƙofar maigari. Aka zaunar da mutum uku a tabarma: Ɗanbaba, Binta, da Abdulhadi. Sumayya da gwaggonta suna gefen mata. Maigari ya faɗi hukunci tun kafin a fara: duk wanda abin ya tabbata a kansa, jandarma za a ba shi, in ya fito kuma ya nemi wani garin.

Isaka ya miƙe. Ya wanke Ɗanbaba da magana biyu. Ya wanke Binta da guda, ya ce ƙafarta ba ta wuce bakin lungu ba, baƙin ciki kuwa ba ya barin sawu. Aka yi ƴar dariya. Sannan ya juyo ga na ukun, ya ja abin a hankali yana jin daɗinsa. Ya faɗi ƙafar hagu mai jan diddige. Ya faɗi zuwa uku, ɗaya kafin ruwan Talata, biyu bayansa. Ya faɗi tsayuwa ƙarƙashin taga har ƙasa ta lotsa. Ko kalma guda bai yi ƙarya ba, kuma bai taɓa aljihunsa ba.

Wuri ya kaure. "A ba mu shi!" "Azzalumi!" Wani ya cire takalmi.

Maigari ya ɗaga hannu. "Abdulhadi, sawunka ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"Mi ka je yi bayan tagar ɗiyar mutane?"

Abdulhadi ya ɗago. Da ya yi magana, sai da aka yi shiru kafin a ji shi.

"Ni ban ma lura akwai taga ba. Gidan Baba Isaka na nufa. Ta baya na bi don kada masu zama a ƙofarsa su gan ni. Sau uku ina zuwa, in na hango ƙofar sai ƙafafuna su ƙi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu naɗe a leda.

"Direban da ke sauke kaya a butikina ya kawo wanga daga arewa, ya ce in ba iyayen Yasin. Yasin ya rasu. Ramin haƙar zinariya ya rufta da su, yau wata guda ke nan. Ga katin shaidarsa." Ya miƙa ledar. "Kuma tunda na fara, bari in ƙarasa. Ban gan shi da awakina ba. Zato na yi, don mun taɓa faɗa, na rantse a kan zato. Bayan wata biyu na gano surukina ne ya kai su kasuwar Cadawa. Kunya ta hana ni faɗi. Na yi shiru shekara bakwai."

Aka ɗauki salati. Ledar ta bi hannu-hannu har ta iso ga Isaka. Ya buɗe. Ga Yasin yana kallonsa, ɗan shekara goma sha tara, da ɗan gashin bakin da bai gama fitowa ba. Shi Isaka da ke karanta ƙasa kamar allo, ya ga mutum ya tsaya sau uku yana fuskantar ƙofar gidansa, ƙiyayya ta hana shi ganin inda ƙafar ta dosa. Bai yi kuka ba.

Jama'a kuwa, waɗanda suka yi wa Yasin eho da bakinsu, su ne yanzu suka fi kowa fushi. Kai, mutane! "Wanda ya iya wannan ai zai iya kashe ƙwarin ruwa!" "A ƙone butikin!"

"Isaka," in ji maigari a hankali, "Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri. Amma maganar da ta tara mu tana nan. Kai ne idon garin ga. Shi ne, ko ba shi ba ne?"

Kalma guda ta rage. Isaka ya dubi Abdulhadi, ya ji yana ƙinsa fiye da jiya, fiye da duk shekarun nan bakwai a haɗe. Sai ya hango abin da zai biyo baya. Za a kai shi jandarma, ya yi ƴan kwanaki ya fito, ya kwashe iyalinsa ya yi Maraɗi, ya buɗe wani butikin inda ba wanda ya san shi. Baƙi su riƙa rusuna masa suna gaishe shi. A nan kuwa a riƙa tuna shi da ƙwarin ruwa, sunan Yasin ya bi iska. Ina! Wannan ai sauƙi ne.

Ya zaro munduwar ya jefa tsakiyar tabarma.

"Ga mai kisan. A gindin randa na tsamo ta. Jan ƙarfe ne, kuma mai kiwon da bakinta ta ce yana kashe su."

Gwaggo Cima ta dafe wuyan hannunta, ta saki ƙara. "Wayyo ni! Don baki na saka, ɗiyata, don in tsare miki su! Har da tsamiya na goge ta don kada ta ɓata miki ruwa!"

Sumayya ta miƙe. Ta tuna Allah ya isan da ta ja a ƙofar gida, ta dubi tsohuwar da ta goya ta, sai ta durƙusa ta rungume ta. "Na janye, Gwaggo, na janye. Ni ce ban faɗa miki ba."

Abdulhadi ya rarrafo ya kama ƙafar Isaka. "Na gode, Baba. Don girman Allah ku yafe mini."

Isaka ya janye ƙafarsa.

"Kada ka gode mini. Tun safe munduwar ga ke aljihuna, niyyata in bari a kore ka. Ba tausayi ya hana ni ba. Kora ta yi maka arha." Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ba inda za ka. Gobe za a shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar gidana, kwana uku. Kai za ka zauna a bakinta. Duk wanda ya zo gaisuwa, na gari da baƙo, kai za ka faɗa masa da bakinka wanda ya mutu, da abin da ya fitar da shi daga garin ubansa. Ku kuma da kuka yi masa eho, ku zo ku ji, kada wanda ya ce yana da aiki a gona. In an tashi, ka buɗe butikinka. Ni zan riƙa wucewa ta gabansa kowace safiya har in mutu."

"Na yarda, Baba. Amma gafarar..."

"Gafara ba tawa ba ce. Mai ita na ƙarƙashin ƙasa can arewa. In ka iya tono shi, ka roƙe shi."

Isaka ya naɗe katin cikin ledarsa, ya ɗauki sandarsa, mutane suka dare masa hanya. Ya nufi gida a hankali, inda Maryama, uwar Yasin, ke zaune tana tankaɗen garin tuwo, ba ta ji komai ba tukuna.